Kamanci da Laushin Jiki: Darasi Daga Wasan Baleski da Rawar Sandar Ƙarfe Domin Horon 'Yan Koroso a Kano

1.0 GABATARWA

Masu nazarin al'adun Hausawa sun daɗe suna tattara waƙoƙin makaɗa da kirarin 'yan wasa da zantuttukan 'yan kama da 'yan gambara, suna rubutawa suna yi musu sharhi. Wannan aiki ne mai kyau, kuma har yanzu da sauransa. Sai dai in muka duba da idon basira za mu ga kusan duk ƙoƙarin ya tsaya ne a kan abin da baki ya furta. Jikin ɗan wasa kuwa, watau yadda ake horar da shi har ya iya lanƙwasa kamar tsumagiya, da abin da ke samun wannan jiki bayan shekaru sun tura, ba a cika waiwayarsa ba.

Maƙasudin wannan takarda shi ne ta jawo hankalin mahalarta wannan taro zuwa ga wannan giɓi. Za mu fara da bayanin wasu wasanni biyu na ƙasashen waje, watau wasan da Turawa ke kira baleski da kuma rawar sandar ƙarfe, mu nuna takwarorinsu a ƙasar Hausa. Daga nan za mu yi bayanin abin da ke faruwa a cikin jiki sa'ad da ake koyon lanƙwasa, da ƙa'idojin da ya kamata mai horar da 'yan rawa ya kiyaye. Rawar koroso ta Kano ce za ta zama madubinmu. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, laushin jiki sana'a ce mai ƙa'ida wadda ake iya koyarwa, kuma rashin rubuta ƙa'idojinta yana jawo asarar lafiyar yara da asarar sana'ar kanta.

2.0 WASAN BALESKI DA TAKWARORINSA A ƘASAR HAUSA

Kalmar baleski ta samo asali ne daga kalmar Italiyanci burla, wadda ke nufin ba'a ko zolaya. Asalin wasan shi ne a ɗauki abu mai girma da kwarjini a kwaikwaye shi ta hanyar da za ta sa a yi dariya. A Ingila ya yi tashe a gidajen wasa na birnin Landan tun daga shekarun 1830 har zuwa wajen 1890, inda akan juya manyan wasannin kwaikwayo da waƙoƙin masu hali su koma abin raha. A shekarar 1868 wata 'yar wasa mai suna Lydia Thompson ta kai ƙungiyarta birnin New York, wasan ya sami karɓuwa ƙwarai a Amurka. To, a can ne ya sauya kama. Sannu a hankali zolayar baki ta ja baya, nuna jiki ya shigo gaba, har ya zamana a shekarun 1920 da 1930 tuɓe tufafi ne babban abin da ke tara 'yan kallo. Wannan ya sa a shekarar 1937, zamanin magajin gari La Guardia, hukumomin New York suka hana gidajen baleski lasisi. Tun daga lokacin sunan ya ɓaci, ko da yake an sake farfaɗo da wasan a shekarun 1990.

In muka koma ga ma'anar farko, za mu ga ashe Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Ɗan kama yakan ɗauki waƙar shahararren makaɗi ya bar muryarta yadda take, amma ya juya baitocinta su koma zancen tuwo da miya da fura. Yakan kuma yi shigar malami, ya kwaikwayi salon karatu da wa'azi, alhali kuwa duk bayanin na ciki ne. A wasan gauta matan fada ne ke kwaikwayon sarki da hakimansa, a kalankuwa kuwa samari ne ke naɗa sarautu irin na manya bayan an kawar da amfanin gona. Haka kuma tashen watan azumi cike yake da kwaikwayon tsoho da gwauro da malami da maharbi. C. G. B. Gidley ya yi rubutu a kan 'yankamanci tun a shekarar 1967, Graham Furniss kuma a littafinsa na 1996 a kan adabin Hausa ya kira 'yan kama da wannan suna na baleski.

Abin lura a nan shi ne, namu wasan bai bi hanyar da na Amurka ya bi ba. Ƙarfinsa ya tsaya a harshe da shiga da kwaikwayo, kuma al'umma ta ba shi izini irin wanda ta ba taubasai da abokan wasa, watau a faɗi magana mai nauyi cikin raha ba tare da an yi fushi ba. Saboda kalma ce jarinsa, ya sami masu rubuta shi. Wasannin da jiki ne jarinsu ba su yi wannan sa'a ba.

3.0 RAWAR SANDAR ƘARFE DA RAWAR KOROSO

Abin da muke nufi da rawar sandar ƙarfe shi ne wasan da ake yi a jikin wata sanda da aka kafa tsaye, mai wasa ya hau ta, ya maƙale da hannu ko da cinya, ya juya, ya yi reto kansa a ƙasa. Wasa a jikin sanda tsohon abu ne. A Indiya akwai malakam, wanda 'yan kokawa ke yi a jikin gungumen itace da aka shafe da man zurma domin su ƙara ƙarfi da laushi, kuma a shekarar 2013 jihar Madhya Pradesh ta ɗauke shi a matsayin wasan jiha. A ƙasar Sin ma 'yan wasan tsalle-tsalle sun daɗe suna hawan dogayen sanduna. Amma irin wadda aka fi sani a yau ta bazu ne daga gidajen rawa na dare a Kanada da Amurka a shekarun 1980, shi ya sa ake haɗa ta da baleski, ake kuma yi mata kallon abin kunya.

Daga shekarun 1990 wasu suka fara koyar da ita a matsayin motsa jiki. A shekarar 2009 aka kafa hukumar wasan ta duniya, a 2012 aka yi gasar duniya ta farko a Landan, a 2017 kuma ƙungiyar da ke haɗa kan hukumomin wasanni na duniya a wancan lokaci ta ba hukumar matsayin 'yar kallo. Abin da ya kai su ga wannan matsayi shi ne rubutu. Sun ba kowane motsi suna, sun jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, sun tsara yadda za a horar da masu horarwa. Ba mu kawo wannan misali domin a shigo da rawar ƙasar Hausa ba, domin shigarta da muhallin da ta fito sun saɓa wa tarbiyyarmu. Tsarin horon ne abin ɗauka.

A nan gida, wasan da ya fi kusa da ita wajen bukatar laushi da ƙarfi shi ne koroso. Rawa ce da ta haɗa salon Fulani da na Hausawa, ta kuma shahara a shekarun 1970, lokacin da bukukuwan nuna al'adu suka sa jihohi kafa ƙungiyoyin 'yan rawa. Sunanta ya fito ne daga kacau-kacau ɗin da 'yan rawar ke ɗaurawa a ƙafa. Akan yi ta bibbiyu, da busar sarewa da kiɗa, kowane biyu suna ƙoƙarin su fi sauran gwaninta. Ɗan koroso yakan gantsare ta baya har kansa ya kusa taɓa ƙasa, ya tsaya da hannuwa, ya saƙala ƙafa a bayan wuya, ko ya ɗauki abokin rawarsa su dunƙule su yi ta mirginawa. Cibiyar da aka fi sanin rawar da ita ita ce Gidan Ɗan Hausa da ke unguwar Nasarawa, inda Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano take. Wannan gida shi ne mazaunin Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a shekarar 1909. Bayan ƙungiyar hukuma, akwai ƙananan ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke yin koroso a wuraren biki da tarurrukan makarantu, kuma a cikinsu ne aka fi samun yara ƙanana.

4.0 ABIN DA KE FARUWA A CIKIN JIKI

'Yan kallo da yawa in sun ga ɗan koroso ya naɗe sai su ce ba shi da ƙashi, wasu kuma su ce magani ya sha, kamar yadda ake faɗa game da 'yan tauri. Bayanin ya fi haka sauƙi. Iyakar inda gaɓa za ta iya kaiwa ya dogara ne a kan abubuwa huɗu.

Na farko shi ne ƙirar ƙashi. Gaɓar kafaɗa da ta ƙugu suna juyawa ta kowace fuska, gwiwa da gwiwar hannu kuwa kamar ƙyaure suke, buɗewa da rufewa ne babban aikinsu. Zurfin gurbin ƙashin ƙugu ya bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma babu horon da zai sauya shi. Na biyu su ne igiyoyin gaɓa, watau zaruruwa masu tauri da ke ɗaure ƙashi da ƙashi. Aikinsu riƙewa ne, in an ja su fiye da kima sai su saki, gaɓar ta yi sako-sako, targaɗe da gocewa su yawaita. Na uku ita ce tsoka da agarar da ke haɗa ta da ƙashi, kuma nan ne ainihin wurin da horo ke aiki. Na huɗu su ne jijiyoyin saƙo. A cikin tsoka akwai wasu ƙananan masu gadi da ke jin an ja ta, in jan ya zo da sauri sai su aika saƙo zuwa laka, tsokar ta ɗaure nan take domin ta kare kanta. Wannan ne dalilin da ya sa fizgar gaɓa ba ta kawo laushi, sai dai ta kawo yagewar tsoka.

Binciken masana motsa jiki ya nuna cewa ƙarin laushin da ake samu a makonnin farko na horo galibinsa daga jijiyoyin saƙo yake zuwa, watau jiki ne ke sabawa da jan, ya daina ɗaukarsa haɗari. Ke nan mai horarwa lallashin jiki yake yi, kuma lallashi ba ya yiwuwa da gaggawa.

Har wa yau, akwai mutanen da aka haifa da gaɓoɓi masu laushi fiye da na sauran jama'a. A shekarar 1973 Peter Beighton da abokan aikinsa suka bayyana wani ma'auni mai maki 9 a binciken da suka yi a Afirka ta Kudu. Ana duba ƙaramin yatsa da babban yatsa da gwiwar hannu da gwiwa, dama da hagu, maki 8 ke nan, sa'an nan maki 1 ga wanda ya iya dafa ƙasa da tafin hannu ba tare da ya lanƙwasa gwiwa ba. Irin waɗannan yara su ne mai ƙungiya ke saurin zaɓa, domin cikin 'yan kwanaki suke yin abin da wasu ke shekara suna nema. Amma su ne kuma suka fi bukatar kulawa, saboda abin da suka rasa ƙarfin riƙe gaɓa ne. Ƙara musu laushi kamar ƙara wa kogi ruwa ne.

5.0 ƘA'IDOJIN HORO

Bisa ga bayanin da ya gabata, ga ƙa'idojin da muke ganin sun dace da 'yan koroso da makamantansu.

(a) Ɗumama jiki. Kada a fara miƙa sai an yi minti 5 zuwa 10 ana sassarfa ko rawa mai sauƙi har gumi ya fara tsattsafowa. A Kano wannan ya fi muhimmanci da safiyar hunturu, a watannin Disamba da Janairu. Da bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, ruwan sha da inuwa su ne abin kula, kuma a watan azumi ya fi kyau a mai da horo mai nauyi bayan shan ruwa.

(b) Miƙa mai motsi kafin wasa, miƙa ta tsaye bayansa. Kafin a shiga fili a yi ta wurga ƙafa da juya kafaɗa da ƙugu a hankali, ana ƙara faɗin motsin. Miƙa ta tsaye, watau a ja tsoka a riƙe, ta fi dacewa da ƙarshen horo, domin in an tsawaita ta fiye da minti 1 gab da wasa takan rage ƙarfin tsoka na ɗan lokaci.

(c) Ƙayyade lokaci. Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka ta ba da shawarar a riƙe kowace miƙa daƙiƙa 10 zuwa 30, a maimaita har jimlar ta kai daƙiƙa 60 ga kowace tsoka, aƙalla kwana 2 zuwa 3 a mako. Wannan ma'auni na gama-garin mutane ne, ɗan rawa zai bukaci fiye da haka, amma daga nan ake farawa.

(d) Bambanta ja da zafi. Jin tsoka ta ɗaure a tsakiyarta alama ce ta aiki. Zafi mai suka a cikin gaɓa, ko jin kamar tafiyar kiyashi, ko mutuwar yatsu, alama ce ta a dakata.

(e) Laushi tare da ƙarfi. Masu koyar da rawar sandar ƙarfe sun bambanta laushin da mutum ke kaiwa in an tura shi, da wanda yake kaiwa da ƙarfin tsokarsa shi kaɗai. A kan sanda babu mai tura ka, saboda haka na biyun ne ke da amfani. Haka abin yake ga ɗan koroson da ke ɗauke da abokin rawarsa. Duk inda gaɓa ta kai, wajibi ne a sami tsokar da za ta riƙe ta a wurin, musamman tsokokin ciki da na gadon baya da na kafaɗa.

(f) Dama da hagu. Kowane ɗan wasa yana da ɓangaren da ya fi so. In aka bar shi da shi, ɓangare ɗaya zai yi ta ɗaukar nauyi har ya gaji.

(g) Daɓe. Yashi ko ƙasa mai laushi ko katifa su ne wurin koyon sabon motsi. Siminti ba ya yafe kuskure.

6.0 MATSALAR YARA

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma masu horar da yara kan kafa hujja da wannan karin magana. Gaskiya ne yaro ya fi babba saurin laushi. Amma ɗanyen icce ma in aka matsa masa yakan tsage ta ciki alhali bayansa lafiya lau. A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai guringuntsin da ƙashi ke tsawo daga gare shi, kuma ba ya rufewa sai galibi tsakanin shekara 14 zuwa 18, mata kan riga maza. Wannan wuri ya fi igiyoyin gaɓa rauni, saboda haka jan da zai sa babba targaɗe yana iya taɓa girman ƙashin yaro. Daɗin daɗawa, a lokacin da yaro ke saurin tsawo ƙashi kan riga tsoka, sai a ga wanda ke naɗewa bara ya kasa bana. Wannan ba lalaci ba ne, kuma duka ko danna shi da gwiwa ba ya gyara shi.

Babban abin tsoro shi ne gadon baya. Ƙashin baya yana da ƙulli 7 a wuya, 12 a ƙirji, 5 a kwankwaso. Ƙullayen ƙirji ba sa gantsarewa sosai saboda haƙarƙari, don haka in ba a buɗe kafaɗa da gaban cinya ba, duk nauyin gantsarewa kan taru a kwankwaso. Maimaita haka yakan jawo tsagewar gajiya a bayan ƙulli, galibi na 5, kuma likitoci sun san wannan ciwo sosai a tsakanin matasa 'yan wasan tsalle-tsalle. Yaron da ya yi mako biyu yana kukan kwankwaso, ciwon kuma yana ƙaruwa in ya gantsare, asibiti ya kamata a kai shi a duba. Maɗori gwani ne a kan karayar da hannu ke iya lalubowa, amma wannan tsagewa hannu ba ya jin ta.

7.0 SHAWARWARI DA KAMMALAWA

Tun daga shekarar 2000 da aka ƙaddamar da shari'a a Kano, da 2001 da aka kafa Hukumar Tace Finafinai, an yi ta muhawara a kan rawa, musamman cuɗanyar maza da mata da irin shigar 'yan wasa. Muhawara ce mai muhimmanci, kuma tarihin baleski a Amurka ya isa ishara ga abin da ke faruwa in nuna jiki ya rinjayi gwaninta. Sai dai lafiyar 'yan wasan ba ta sami gurbi a cikin muhawarar ba. Saboda haka muna ba da waɗannan shawarwari.

Na ɗaya, sassan Hausa da sassan koyar da motsa jiki da kiwon lafiya na kwalejojin ilimi su haɗa hannu su tattara sunayen motsin koroso daga bakin tsofaffin 'yan wasa, a ɗauki hotunansu, a jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ɗalibanmu da ke neman abin rubuta kundin kammala karatu ga fili nan a buɗe. Na biyu, a daidaita kalmomin sassan jiki. Kalmar jijiya kaɗai tana ɗaukar hanyar jini da hanyar saƙo da agara, kuma mai horarwa ba zai iya bayyana wa yaro abin da ba shi da suna ba. Na uku, a shirya gajeren kwas da Hausa domin shugabannin ƙananan ƙungiyoyi, kuma Gidan Ɗan Hausa wuri ne da ya dace da irin wannan haɗuwa, tun da can ne gwanayen suke. Na huɗu, malaman firamare da sakandare da ke shirya yara domin bukukuwan makaranta su riƙa gwada ma'aunin nan mai maki 9 kafin su zaɓi masu lanƙwasa, su kuma hana danna yaro da ƙarfi.

A taƙaice, mun nuna cewa zolayar da Turawa ke kira baleski tana da takwarori a ƙasar Hausa, kuma an rubuta su gwargwadon hali. Mun nuna cewa rawar sandar ƙarfe ta sami matsayin wasa ne saboda an rubuta ƙa'idojin horonta. Koroso tana da gwanaye, tana da 'yan kallo, tana da mazauni a Nasarawa. Abin da ya rage shi ne a zauna da gwanayen nan tun suna da ƙarfin nunawa, a rubuta abin da suka sani, a haɗa shi da abin da ilimin jiki ya tabbatar. Muna fata mahalarta wannan taro za su tofa albarkacin bakinsu, musamman a kan kalmomin da muka yi amfani da su, domin a sami matsaya guda da za a koyar da ita.